Verlisha Mai Bakin Barkono

A kudancin Memphis aka haifi Verlisha Tibbs, a wani gidan haya da ke jikin layin dogo. Mahaifiyarta Odessa gashin haƙarƙarin alade take yi a wani gidan abinci, ranar Lahadi kuma tana cikin masu fararen kaya da ke tsayawa a ƙofar coci suna nuna wa mutane wurin zama. Uban kuwa tun tana goyo ya tafi Chicago neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Verlisha ta tashi da murya, sai dai ba irin wadda Odessa ke so ba. In an sa ta waƙar coci sai ta yi ta nuƙu-nuƙu, amma in faɗa ya haɗa ta da wani, zagi sai ya dinga zubo mata da kari, har wanda ake zagin ya rasa kuka zai yi ko rawa.

Tana gab da cika ashirin, wata Asabar da la'asar, samari suka yi da'ira a gaban wani shagon tayoyi suna gasar gambara. Ta zo wucewa da ledar cefane. Wanda ke riƙe da fage ya hango ta, ya juya waƙarsa kanta. Ya auna ƙirjinta, ya auna ƙugunta, ya faɗi abin da zai yi mata da inda zai yi. Aka tuntsire da dariya. Verlisha ta ajiye ledarta a kan wata mota ta shiga tsakiya. Ba ta ce masa ya ji kunya ba. Cewa ta yi ta amince, sannan ta bi shi dalla-dalla: yadda zai soma haki tun a matakala, yadda zai gama kafin ta kwance takalmi, yadda za ta koma gida ta ƙarasa wa kanta aikin da ya gagare shi. 'Yan matan da ke gefe suka yi ta ihu suna dukan motoci. Ranar aka laƙaba mata Barkono.

Mai shagon, Cedric Mabry, yana da ɗakin ɗaukar waƙa a baya, bayan tulin tsofaffin tayoyi. Ya fito yana goge hannu ya ce, "'Yammata, wannan bakin naki bai kamata ya ƙare a titi ba." Kafin shekara biyu ta haifa masa 'ya mace, Janiyah, ta kuma yi waƙar da babu motar da ba ta tashi a cikinta a Memphis. A waƙar, mace ce ke zaɓen namiji, ita ke faɗin abin da take so a gado, ita ke sallamarsa da safe.

Odessa ta ji waƙar a wurin aiki, daga bakin masu wanke-wanke.

"Ni na haifi wannan bakin?"

"Mama, maza kullum suna faɗin abin da ya fi haka a rediyo, kina gashi kina kaɗa kai."

"Su maza ne. Ke kuma 'yata ce, kuma ni zan tsaya a ƙofar coci a yi ta kallona."

Da aka zo ɗaukar bidiyo, Cedric ne ya zaɓi kayan da za ta sa, shi ya ce wa mai kyamara ya durƙusa. Verlisha ba ta ƙi kayan ba, tana son jikinta, tana kuma son a gan shi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka ɗauki fuskata ma mana, ai da ita nake waƙar."

"Fuska ba ta sayar da faifai, Barkono."

Ana cikin haka wata malamar jami'a, Dakta Yolanda Hairston, ta gayyace ta taron ɗalibai mata a kan 'yancin mace baƙar fata. Verlisha ta ɗauka karrama ta za a yi. Ta sayi kwat, ta yi kitso, ta yi ta maimaita abin da za ta faɗa a gaban madubi. Da ta zauna a kan dandamali, sai Dakta ta sa aka haska bidiyon a babban allo, aka kashe sauti. Ɗakin ya yi tsit. Ga Verlisha zaune da kwat, ga ƙugunta a bango ya fi ta girma yana ta juyawa ba kiɗa.

"'Yan'uwa," in ji Dakta, "kakanninmu an tsayar da su tsirara a kasuwar bayi ana taya su. Ku faɗa min bambanci."

Verlisha ta janyo makirfo. "Bambancin shi ne kin kashe muryar. Ki kunna ki ji wa ke magana."

Wasu 'yan mata a baya suka tafa, amma wata a gaba ta miƙe ta ce, "Kina da 'ya, ko? In ta girma, da wane ido za ta kalle ki?" Dakta ta yi murmushi ta ce lokaci ya ƙure. Aka raka Verlisha ƙofa, aka ba ta kwalbar ruwa.

Rabuwarta da Cedric ba ta zo da mamaki ba. Ta ce tana so ta yi faifai na gaba da wani mai kiɗa a Atlanta, ya ce ba inda za ta. Ta kwashe kayanta da 'yarta ta koma gidan Odessa. Bai biyo ta ba, kotu ya tafi neman riƙon yarinya.

Ranar shari'a ya zo da kwat da tabarau, mahaifiyarsa na gefensa da hular coci. Lauyansa ya miƙe ya karanta waƙar Verlisha baiti-baiti, a hankali, ba kiɗa ba kari, yana tsayawa bayan kowace kalmar batsa yana duban alƙali.

"Malama Tibbs, ke kika rubuta wannan?"

"Ni na rubuta. Shi ya yi kiɗan, shi ya sayar."

"Ba shi na tambaya ba."

Sai aka kira Odessa. Verlisha ba ta san za ta ba da shaida ba. Tsohuwar ta zauna da jakarta a cinya, ba ta ko dubi inda 'yarta take ba. Aka tambaye ta ko tana ganin gidan da Verlisha take ya dace da tarbiyyar yarinya. Ta ce, "Na kasa tarbiyyar ɗaya, ranka ya daɗe. Ba na so a yi asarar ta biyu."

Alƙali ya ba Cedric riƙo. A waje Cedric ya matso kusa da ita ya ce ƙasa-ƙasa, "Yanzu sai ki je Atlantar."

Ba ta je ba. Ta zauna a Memphis don kwanakin ziyarar 'yarta da kotu ta ba ta, kwanakin kuma suka yi ta raguwa. Yau Janiyah na mura, gobe tana coci da kakarta ta wajen uba. Ranar da yarinyar ta ce mata a waya, "Kaka ta ce kar in sha ruwa da kofinki," Verlisha ta ajiye wayar ta zauna a ƙasan kicin. Ba ta sake taka ɗakin waƙa ba. Ta koyi kitso, ta kama kujera a wani shagon gyaran gashi, ta yi ƙiba, gwiwoyinta suka soma ciwo. Odessa ta rasu ba su shirya ba. A rediyon shagon kuwa sababbin 'yan mata na faɗin abin da ta faɗa da ma fiye, ana ba su kyaututtuka. In abokan aikinta suka ce, "Barkono, ai ke kika buɗe musu hanya," sai ta ce, "Miƙo min matajin nan."

Bayan shekaru masu yawa, wata rana da hantsi wata budurwa doguwa ta shigo shagon, wata Baturiya na biye da ita da kyamara. Verlisha ta gane ta tun daga tafiya. Matajin ya suɓuce daga hannunta.

"Janiyah? 'Yata!"

"Sannu, Verlisha." Ta miƙo kunci aka sumbata. "Wannan Megan ce, ajinmu ɗaya. Fim muke haɗawa na kammala karatu, a kan matan da suka ƙwaci jikinsu a waƙa. Malamarmu ta kusa suma da ta ji ke ce kika haife ni."

Verlisha ta sallami mai kitson da rabin kai. Ta ce bari ta aika a sayo kifi da taliya, Janiyah ta ce suna sauri. Aka zaunar da ita kusa da taga saboda haske, aka maƙala mata makirfo a wuyan riga. Janiyah ta tsaya bayan kyamara.

"Ba mu labarin ranar da aka karɓe ni."

Ta bayar. Tun daga ranar ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta faɗi yadda yarinyar ta riƙe mata ɗankunne har kunnen ya tsage, yadda ta koma gida ta tarar da ƙaramin takalmi ɗaya a ƙarƙashin kujera. Ta yi kuka har kwalliyarta ta zubo. Matan shagon duk suka sunkuyar da kai.

Megan ta cire abin sauraren sauti daga kunnenta ta raɗa wa Janiyah wani abu. Janiyah ta yi tsaki.

"Injin busar da gashin can ya ɓata sautin. A kashe shi don Allah." Ta dubi mahaifiyarta. "Za ki iya maimaitawa? Daga wurin ɗankunnen. Kar ki goge fuskar, haka ta fi kyau."

Verlisha ta dube ta. Idanun Odessa ne sak. Aka kashe injin, shagon ya yi shiru. Ta gyara zama, ta soma daga wurin ɗankunnen.