Sodangi Mahauci da Rantsuwar Awara

Sodangi mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. A Kurfi aka haife shi, kuma masu tsokana na cewa ko ungozomar da ta yanke masa cibi sai da ya harare ta, wai ba ta iya riƙon wuƙa ba. Tun yana saurayi ya raba mutanen duniya gida biyu: masu cin nama, da waɗanda Allah ya jarrabta. Mai cin kwaɗon rama, a wurinsa, akuya ce da ba ta samu ƙaho ba. Mai cin alale kuwa ko gaisuwar kirki ba ya samu, sai dai a ɗaga masa haɓa.

Ranar kasuwa, in ya kayar da sa, Ɗanmusa mai kalangu yakan rataya gangarsa ya zaga gari, kowa ya san yau akwai nama. Al'adar ke nan tun kaka da kakanni: kalangun mahauta ba ya tashi sai jini ya zuba. Da la'asar Sodangi ya kafa tsire a tukubarsa, ya zauna yana juya tsinke yana yi wa masu wucewa kallon tausayi.

Aboki ɗaya yake da shi mai iya mayar masa da magana, Ilu, Bafulatanin Tamawa, wanda yake sayar masa da shanu tun suna samari. Ilu na kiransa Barunje, shi yana kiran Ilu Agwai, sunayen tsokanar mahauci da Bafulatani, kuma ba su taɓa rabuwa ba tare da an zagi kakan wani ba.

'Yarsa Lauratu tana aure a Dutsin-Ma, mijinta direban babbar mota. Katanga ɗaya ta raba ta da Magdalina, matar Simeon ma'aikacin ofishin ruwa, mutanen kudancin Zariya. Kowa Maman Tomas yake ce mata. Duk zuwanta gida Kirsimeti sai ta dawo da buhun waken suya, kuma a wurinta Lauratu ta ga yadda ake jiƙa shi, a markaɗa, a tace, a ɗora a wuta, a zuba ruwan tsami har ya dunƙule ya zama awara.

Wata rana Lauratu ta zo ganin gida da ɗan kwano a lulluɓe. Ta tarar da mahaifinta a zaure tare da Ilu da Ɗanmusa. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye kwanon. Sodangi ya buɗe, ya sa tsinin wuƙa ya taɓa abin da ke ciki kamar mai duba mushe.

"Mi ne ne wanga?"

"Awara ce, Baba. Da wake ake yi. Maman Tomas ta koya mani. An ce tana riƙe jiki kamar nama."

"Kamar nama." Ya maimaita a hankali. "To, wa ya yanka?"

"Ba a yankawa, Baba."

"Ina ƙashin?"

"Babu."

"Jini fa?"

"Wake ne fa, Baba."

"Abin da ba shi da jini, ba shi da ƙashi, ba wanda ya yi bisimilla a wuyansa, shi za ki jera da nama a gidan ubanki? Wanga ai sabulu ne ya yi ƙiba."

Ilu ya miƙa hannu ya ɗauki yanka ɗaya ya jefa a baki. "Barunje, taɓa mana. Ko ba komi ba za ta harbe ka ba."

"Kai ai ko bawon kabewa aka ba ka ci za ka yi, Agwai. Mutumin da ke kiwon nama shekara da shekaru yana shan ruwansa!"

"Wata rana kai za ka nema."

Nan fa Sodangi ya miƙe zaune, ya ɗaga yatsa sama. "Wallahi tallahi, wanga abu ba shi shiga bakina muddin ina numfashi." Ɗanmusa ya ce, "Mun shaida." Kafin sati ya zagayo, duk Kurfi ta shaida, don makaɗi ba ya ajiye labari ya kwana.

Ba a jima ba annobar shanu ta shigo, a shekarar tamanin da uku. Garken Ilu ya zube kamar an kakkaɓe magarya, mai shi ya wayi gari da sanda da igiya. Bayanta fari ya biyo. Nono ya ɓace daga kasuwa. Sa ya zama sai labari, mahauta uku su haɗu a kan tsohuwar akuya guda, namanta kamar igiyar guga. Kalangun Ɗanmusa ya daɗe a rataye har gizo ya yi saƙa a jikinsa.

A kan irin wannan nama ne haƙoran Sodangi suka fara yi masa tawaye. Turmi ɗaya ya dare a kan jijiya, na kusa da shi ya bi sahu, sauran suka kama rawa. Bai gaya wa kowa ba. In ya zauna a tukuba sai ya sa tsoka a baki, ya yi ta juya ta da harshe don idon jama'a, in an kau da kai ya tofa wa kare. Karen nan ya yi ƙiba a shekarar da mutane ke ramewa. Hanta da ƙoda masu laushi kuwa ba su kai ga bakinsa, su ne ake rububi, su ne ribar ranar. A cikin gida sai koko da kunu, abincin da a da yake cewa na masu jego ne.

Mutum ya zube. Rigar da a da take kama masa ƙirji ta koma kamar an shanya ta a kan dirka. Ranar da ya sunkuya zai ɗaga cinyar akuya jiri ya ɗebe shi ya zauna daɓas, ranar ce ya ji sauran mahauta na raɗa cewa tukubar Sodangi ta kusa neman sabon mai gida. Tukubar nan kuwa ta ubansa ce, ta kakansa ce. Ya san in ƙarfi bai dawo ba, zai rasa ta yana ji yana gani.

Da kumburi ya rufe masa ido ɗaya, dole ya hau mota zuwa asibiti a Dutsin-Ma aka cire masa turame biyu. Bayan kwana biyu ya koma a duba, ya fito yana tangaɗi. Ba don mijin Lauratu ya yi tafiya Legas ba, da ko ruwan gidan ba zai sha ba, don uba ba ya baje ƙafa a gidan suruki. Amma tun da ba ya nan, ya yarda ya shiga ya huta.

A lokacin man gyaɗa ya yi tsadar da sai a yi layi tun safe a dawo da kwalba wayam. Mai awara ba ta da abin suya. Sai Magdalina ta koma gasawa, yadda take gasa burodin Kirsimeti: yashi a gindin tukunya, faranti a kan yashin, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ta yayyanka awarar, ta shafe ta da ƙuli da yaji da ɗan gishiri, ta rufe. In ta fito, bayanta ja, cikinta fari mai taushi, ga ƙanshin hayaƙi.

Irinta Lauratu ta zuba a miyar alayyafo, ta haɗa da tuwo mai laushi, ta ajiye gaban mahaifinta. Ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Sodangi ya kai loma. Ya tsaya. Ya sake kaiwa. Abin ya bi dasashi ya narke ba gardama. Ya ɗauko yanka ɗaya ya ɗaga shi wajen haske, ya matsa, ya shinshina, irin duban da ya gada.

"Hantsa ce," ya ce.

Lauratu ta sunkuyar da kai.

"Hantsar saniya. Farar saniya, ba ja ba, ja tata ta fi wanga kauri. Ta yi haihuwa biyu, ba ta kai uku ba. Kuma wanda ya gasa ya san wuta, sai dai ya yi rowar yaji." Ya ci gaba da ci, gumi na tsattsafo masa. Can sai ya tsaya, fuska ta canza. "Tsaya. Wane mahauci ne ya kayar da saniya a Dutsin-Ma ban ji ba? A wannan shekara? Ina ya samo ta?"

"Baba, ka ci abincinka."

"Sai na gan shi. In ta annoba ce ya yanka, in sani. In kuwa lafiyayya ce, in san inda ake samu. Tashi ki kai ni."

Ta yi magiya, ya ƙi. Sai ta yafa gyale, ta bi da shi ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu. Magdalina na tsakar gida tana fifita garwashi. Ta miƙe da sauri. "A'a, Baban Lauratu! Sannu da zuwa. Yaya haƙorin?"

"Da sauƙi, Maman Tomas. Ina mai naman?"

Lauratu ta nuna gindin bango. Ƙullin farin ƙyalle ne a kan faifai, an danne shi da dutsen niƙa, ruwa na ɗiga a hankali.

"Ga saniyar, Baba."

Magdalina ta dubi uba, ta dubi 'ya, ta gane. Ta sa haɓar zane ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Fara ce kam, Baba. Wannan ka faɗa daidai."

Sodangi ya juya ya koma ɗakin 'yarsa, ya sa aka sakaya ƙofa. Da Lauratu ta shiga ɗaukar kwano, ta same shi a wanke tas.

Washegari ya tafi wurin Malam Mahmuda, limamin unguwarsu a Kurfi, ya zayyana masa komai da murya ƙasa-ƙasa, wai wani abokinsa ne abin ya samu. Malam ya saurara har ƙarshe.

"Shi abokin naka, da aka gaya mashi ko mi ne ne, ya tsame hannu?"

"Yanka biyu ne suka rage a kwanon, Malam. Barin abinci ai almubazzaranci ne."

"Haka ne. To, rantsuwa ta karye, Sodangi. Kuma gara da ta karye, dubi wuyanka kamar na zalɓe. Wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi alherin ya yi kaffara. Ka ciyar da mabuƙata goma su ƙoshi."

"Ba a yin azumi a madadin haka? Azumi ba mai gani."

"Azumi na wanda ba shi da halin ciyarwa ne. Kai kana da hatsi a rumbu. Kuma wane jikin za ka yi azumin da shi?"

Nan wata sabuwa ta taso. Tuwon mutum goma ba wuya. Amma tun da aka kafa gidansu ba a taɓa ba baƙo miyar lami ba, gidan mahauta ne. Naman da zai ishi mutum goma kuwa ba shi. Ya kwana biyu yana juya abin, ya ga duk inda ya bi, hanya ɗaya take ɓullewa. Ya aika Dutsin-Ma.

Lauratu ta zo da ƙulli guda na awara. Sodangi ya ce ba mai koya masa gashi, a kan wuta aka yaye shi. Ya yanka ta sala-sala kamar tsoka, ya tsire a tsinke, ya kafa a tukuba. Kafin ya juya, duk ta zame ta faɗa toka. Ya tsaya yana kallon tsinkayen tsirara.

"Kin gani ko? Ko tsayuwa ba ta iya yi. Abin da ba shi da ƙashi!"

"Maman Tomas ta ce a ƙara danne ta ta tsane sosai, a yanka da kauri, kuma kada wuta ta lashe ta. Zafi take so, ba harshen wuta ba."

"Ita za ta gaya mani wuta?"

Amma haka ya yi. Ya ƙara yaji kuma, don a san hannu ya bambanta.

Ranar ciyarwa ba a sha wahalar neman mabuƙata ba, shekarar ta tanade su. Na farkon shigowa Ilu ne, da sandarsa da ba ta da abin kora. Ɗanmusa ma ya zo, har da kalangu a kafaɗa, ya share masa ƙura.

"Sodangi, in zaga gari?"

"In ka taɓa gangar nan sai na fasa ta. Kalangu na jini ne. Wa ya mutu a nan, wake?"

Aka ci aka ƙoshi. Ilu ya suɗe hannu, ya ɗaga yanka ɗaya wajen haske, ya matsa, ya shinshina, don labari ya riga ya iso Tamawa.

"Barunje, wagga haihuwarta nawa?"

"Ci ka tashi, Agwai. Sadaka ce, ba hira ba."

Ilu ya yi dariya har ya share hawaye, kuma tun da garkensa ya ƙare ba wanda ya ga haƙoransa sai ranar.

Kafin kaka wuyan Sodangi ya cike, rigarsa ta sake sanin mai ita, raɗar mahauta ta mutu. Tukuba ta zauna a hannunsa har tsufa. Ko da shanu suka dawo kasuwa, bai daina kafa abin nan ba, amma a gefe, can bayan wuta, nesa da tsire, kada su haɗa hayaƙi. Bai taɓa kiranta da sunanta ba. In mai saye ya nuna ta, sai ya naɗe masa a takarda yana kallon wani wuri, ya ce, "Ungo. Allah ya yaye maka."

Da la'asar sakaliya kuma, in kasuwa ta watse, sai ya juya wa hanya baya ya ci nasa rabon. Wani lokaci Ilu ya kama shi a kai, ya tsaya a kansa yana murmushi.

Sodangi ya haɗiye, ya goge baki, ya ce, "Magani nake sha. Ka taɓa jin an yabi magani?"