Gwaggo da Dattijo Mai Aski

A cibiyar karɓar 'yan gudun hijira babu mai kiranta da sunanta. Daga mai gadi har shugaban wurin, Gwaggo suke ce mata, baƙin ma kafin su san inda famfo yake sun riƙe sunan. Jami'ar jin daɗin jama'a ce. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne kusa da wurin rabon abinci, da tebur ɗaya, da fanka mai ƙara, da kujerun roba da ba su taɓa isar mutane ba.

Tun tana yarinya surutu ya yi mata yawa. Mahaifiyarta takan ce da bakin nan injin niƙa ne, da gidan ya yi arziki. Da ta kama aiki sai ta tarar rabinsa sauraro ne, kuma shi ya fi ba ta wuya. Ta dai koya. Ita ke nemo wa yara makaranta, ta raka masu ciki asibiti, ta bi sawun dangin da hanya ta raba, ta sasanta matan da suka yi cacar baki a kan igiyar shanya.

Wata shekara aka kawo wani dattijo shi kaɗai, aka riƙa kiransa Baba. Garinsu ya watse, 'yarsa ta shiga wata motar, ba a san inda aka sauke ta ba. Ba ya magana ko kaɗan. Likita ya ce kunnensa da harshensa lafiya lau. Tafinta ya gwada duk yarukan da ya iya, Baba kallonsa kawai ya yi. Kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a bakin ofishin Gwaggo, ita ma ta jawo kujera kusa da shi, su yi shirunsu tare.

A wannan zaman ta lura ba fuskokin mutane yake kallo ba, kawunansu yake bi da ido. In saurayi ya wuce da suma buzu-buzu, sai yatsun Baba biyu su riƙa buɗewa suna rufewa a kan gwiwarsa.

Rannan ta zo da almakashi da mataji, ta kuma taho da mijinta, malamin makaranta mai ritaya, wanda ta ce wa rakiya kawai zai yi mata. Bai ankara ba sai ya ji shi a kan kujerar roba, an ɗaura masa zani a wuya.

Baba ya cire masa hula, ya zagaya shi, ya duba ƙeyar, ya girgiza kai. Sai ga magana ta fito. Tafinta ya fassara yana danne dariya: "Wai wa ya yi wa bawan Allah wannan ɓarnar?"

Mijin ya nuna Gwaggo, don tun aurensu ita ke yi masa aski a gida. Ta ce ai bai taɓa yin ƙorafi ba.

"Ina ni ina ƙorafi," in ji shi, "almakashi na hannunki?"

Baba ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar inuwar bayan ɗakin wanki ta zama wurin aski, bakinsa kuma ya ƙi rufuwa. Yana aski yana ba da labarin 'yarsa, Gwaggo na gefe da tafinta tana tsintar abin da zai yi amfani: sunan surukinsa, da tabon ƙuna a hannun 'yar, da cewa tana da tsohon ciki lokacin da suka rabu.

Ta yi ta buga waya sauran cibiyoyi, wasu su ce a kira gobe, wasu su haɗa ta da wanda bai san komai ba. Aka kwashe watanni. Ba ta gaya wa Baba komai ba sai da ta ji muryar 'yar da kunnenta.

Ranar da motar da ta ɗauko 'yar ta iso, Baba na tsakiyar yi wa mai gadi aski. Ya ɗaga kai ya ga 'yarsa da goyo a baya, ya saki almakashin a ƙasa, ya tafi da sassarfa kamar yaro. Mai gadi ya wuni a bakin ƙofa da rabin kai, duk wanda ya yi masa dariya sai ya ce jika aka kawo musu.

Gwaggo ba ta samu zama wajen murnar ba. Wata baƙuwa ta fara naƙuda, sai Gwaggo ta ɗauki jakarta ta bi motar asibiti, tana waya da mijinta ya sauke tukunya kada ta kama.