Cittar da Malam Ya Bari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni. Ciwo na yi, sai yau na ji zan iya ba da labari.

Kun san mijina Malam ya rasu bara, bayan ya sha fama da tari. Aikin lambu yake yi a wani gida a unguwar Kanda. Daga can ya kawo wata citta da ban taɓa ganin irinta a kasuwar Nima ba. Saiwarta ɗaci gare ta, ba ta shiga koko. Daga gindinta takan fitar da kai kamar na masara, kore, in ya nuna ya koma ja. In ka matsa shi, ruwa mai yauƙi da ƙamshi zai cika maka tafi. Da shi nake wanke gashin 'yarmu Rabi.

A rabin duro ya shuka ta, bayan ɗakinmu, inda akwai inuwa da danshi. Yakan ce amarya ce, ba ta son rana.

Ina wata na biyu a takaba tari ya kama ni. Abinci ya fita raina, zani ya fara zame mini. Matan gidanmu suka ce baƙin ciki ne, ni ma na yarda. Kuma a sanina mai takaba ba ta taka ƙofar gida ko mene ne ya same ta.

Sai na riƙa haƙo saiwar ina dafawa, yadda Malam yake sha lokacin nasa tarin.

Bayan la'asar zazzaɓi yake zuwa. In shimfiɗa tabarma kusa da duron, ihun yaran motocin haya, 'yan trotro, ya yi nisa har ya koma kamar kukan ruwa. Sai in ga Malam ya naɗe ƙafar wando yana ba shukar ruwa. Wani lokaci ganyen ya yi tsawo ya rufe kwanon rufi, tsakar gidan duk ta zama lambu.

Ba zan ɓoye muku ba, jiran zazzaɓin nake yi.

Ran nan yayar Malam, Hajiya Ladi, ta zo daga New Town, ta ga jini a hankicina. Na ce ta bari in gama takaba, saura wata ɗaya.

Ta ce, "Takaba aka ce ki yi masa, ba a ce ki bi shi ba. Rabi fa, wa za ki bar wa? Sa hijabinki."

Ta kira limamin unguwa a waya, ya ce da bakinsa larura ta halatta fita.

A asibiti aka ɗaura mini takunkumi, aka zaunar da ni a benci a waje. Aka ba ni ƙaramin kofi in tofa kaki, aka hau da ni sikeli, aka ɗauki hoton ƙirji. Katin inshorata ya mutu ban sani ba, Hajiya ce ta biya hoton.

Tibi ce, tarin fuka.

Wata nas ta tambaye ni a hankali, "Maame, kafin ke, wa ya yi tari a ɗakin?"

Sai tarin Malam ya faɗo mini a rai. Hajiya ta juya baya tana share ido.

Aka ce a kawo Rabi, tunda tabarma ɗaya muke kwana. Kwanakin da muka jira sakamakonta sun fi duk jinyar tsawo. Alhamdulillahi ba ta kamu ba, aka dai ba ta maganin kariya.

Nawa maganin kyauta ne. Kullum da safe kafin karin kumallo, wata shida. Fitsari ya koma kamar manja, aka ce kada in tsorata. Likita ya ce bai san cittar ba, in ajiye ta tukun.

Da zazzaɓin ya tafi, Malam ya daina zuwa. Na yi kuka ranar da na gane haka, na kuma tashi na sha maganina.

Makon jiya aka ce na warke. Saiwa ɗaya ce ta rage a duron, kamar ɗan yatsa, da damina ta tsiro. Ta wankin kai ce yanzu. Mai so ya zo in yanka masa, ya sa ta a inuwa, in ganyen ya bushe da rani kada ya zubar, barci take.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya, da matan gidanmu da ba su guje mu ba.

Tari in ya wuce mako biyu, ku je a gwada. In an fara magani a ƙarasa shi. Mai takaba, ki tambayi masu sani, kada ki yi irin nawa.

Ku sa Malam a addu'a. Shi bai samu mai ja masa hannu zuwa asibiti ba. Ni ce ma nake dafa masa cittar.