Layi Goma Sha Ɗayan da Yaya Ta Goge

Shekara goma sha biyu ke nan yayata tana aiki a ofis ɗaya, kan kujera ɗaya da ta naɗe wa hannun hagu tsumma don kada ya ci mata gwiwar hannu. Har yau Inna ba ta gane aikin ba. In baƙi suka tambaya sai ta ce, "Wai gyara take yi, amma fa abin bai lalace ba."

Kuma Inna ba ta yi ƙarya ba. A wani ɗaki mai sanyi a bayan ofishin akwai babbar kwamfuta da suke kira saba. Ita ke yin duk aikin, sai ta aika hoton abin da take yi zuwa ƙananan alluna a makarantu da ofisoshi masu nisa. Ɓangaren Yaya shi ne bidiyo: manhajar ta lura wani gefen allo yana ta motsi, ta matse hotunan don su yi saurin tafiya, ta kuma rage yawansu in intanet ta yi rauni.

Lokacin da aka damƙa mata ɓangaren, fayil ɗaya ne mai layukan umarnin kwamfuta sama da dubu huɗu, hannuwa da yawa sun bi ta kansa. Ta ce min kamar ɗakin ajiya ne da kowa ke jefa kaya ya ja ƙofa. Wata takwas ta yi tana rarrabewa, mai gano motsi daban, mai matse hoto daban, mai auna ƙarfin intanet daban. Kullum kaɗan take taɓawa, ta gwada, ta kurɓi shayi, ta sake gwadawa. Abokan aikinta suka laƙaba mata Tsintsiya. Mijinta tela ne, yakan ce, "Ni in na warware ɗinki mai kaya fushi yake yi. Ke kuwa warwara ce sana'arki."

"Kai ma da ka ga ɗinkin da na tarar, da reza za ka nema," in ji ta.

A wata na bakwai ta ci karo da wasu layuka goma sha ɗaya da ta rasa amfaninsu. A samansu wani ya rubuta "Kada a taɓa," ba dalili ba komai, kuma mutumin ya bar aikin tun kafin ta zo. Ta tambayi kowa, ba wanda ya sani. Ta goge su, duk gwaje-gwaje suka wuce lafiya lau.

Bayan sati biyu sai ga ƙorafi daga wata makarantar kurame. Shugaban sashensu ya ce ta amsa musu a rubuce, ta ce a'a, gani ya kori ji. Da safe ta hau mota ta je. Malamar ajin ta zaunar da ita gaban allo, ta kunna wani darasi da aka ɗauka da maganar hannu. Fuskar mai darasin tana fita tas, amma yatsunsa tsalle suke yi.

"Baiwar Allah, kin ga nan?" in ji malamar. "Tsakanin nan da nan kalma guda ta ɓace. Da can ba haka yake ba."

Yaya ta ce min nan take ta gane. Ashe layukan da ta goge su ne ke hana manhajar zubar da hotuna in motsin ƙarami ne amma mai sauri. Ta ce, "Malama, laifina ne, ni na cire. Ki ba ni kwana biyu."

Malamar ta fashe da dariya. "Kin kashe min baki. Ni da faɗa na shirya."

Ba ta mayar da layukan yadda suke ba. Ta sake rubuta su tsaf, ta ba su suna mai faɗin aikinsu, ta rubuta dalilinsu a sama dalla-dalla. Sannan ta roƙi malamar guntun bidiyo na minti ɗaya ta mayar da shi gwaji, yadda duk wanda ya sake ɓata wurin, kwamfuta za ta tsayar da shi tun kafin abin ya fita.

Sau biyu ana yi mata tayin shugabancin sashe, tana cewa taro gyangyaɗi yake sa ta. Yanzu ta koma kan ɓangaren da ke daidaita murya da hoto, ta ce zai ci shekara, kuma ba wanda ke korar ta.

Duk Alhamis in an tashi aiki takan biya makarantar ta koyi maganar hannu. Malamar ta ce hannunta in'ina yake yi. Makon jiya ta tsaya gaban aji za ta gaishe su, ta yi alamar da ta kwana uku tana maimaitawa, ajin ya kece da dariya har wata ta kifa kai kan tebur. Ta dawo gida tana ba mu labari tana share hawayen dariya. Har yau sun ƙi faɗa mata abin da ta ce.