Jan Layi a Ɗakin Inna Dije

Manu lebura ne a siton kaya na tashar jirgin ƙasa ta Gusau. A wajejen 1956, aikinsa ɗaukar buhunan gyaɗa da dilolin auduga yana lodawa a taragu. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma ko wurin aiki da sandarsa yake zuwa. Yakan jingine ta a bakin sito, in an tashi ya ɗauka.

Ranar Asabar da azahar ake sallamar leburori, sai kuma Litinin. Yawancinsu wanki suke yi, su je aski, su zauna gindin bishiya suna dara. Manu kuwa sai ya rataya gorar ruwa, ya zuba ƙuli-ƙuli a jaka, ya bar gari a ƙafa. Wani makon ya bi gefen gulbi ya nufi Bungudu, wani makon ya yi Wonaka, wani lokacin ya hau duwatsun Kwatarkwashi ya zauna yana kallon gonaki daga sama. Ba ya bin hanyar mota. Burtalin shanu yake bi, da turbar masu itace, inda yamma ta yi masa ya roƙi wurin kwana.

Abokan aikinsa ba su bar shi ya huta ba.

"Kai Bafillace, mi kaka kiwo can daji? Ba saniya, ba akuya."

"Ƙahwahuna nika kiwo," in ji shi. "In na bar su gida ramewa su kai."

A wannan yawon ya san ƙasa. Ya san wata gaɓar gulbi kusa da Karakkai inda farar ƙasa take, mai laushi kamar gari. Fentin gwangwani na kanti na ofisoshi ne da gidajen manyan fatake, lebura ko kuɗinsa ba ya tambaya. Manu yakan ɗauko farar ƙasarsa a buhu, ya jiƙa, ya tace, ya zuba ruwan ƙaro don kada ta riƙa goguwa a riga, sannan ya shafe bango da tsumma. In Sallah ta matso, ko za a yi suna, maƙwabta sukan kira shi. Abin da aka ba shi ya karɓa, goro ko akushin tuwo.

Manu ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kawunsa, kamar yadda ake yi, can ya girma, daga can ya shigo gari. Mahaifiyarsa, Inna Dije, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. In ta kama dole sai ta ce "mutumin ga." Ƙanensa Adamu shi ne ya tashi a gabanta, shi take kira, shi take faɗa wa, shi ke riƙe da shanun gidan a rugarsu ta gefen Tsafe.

Da kakar 1956 Adamu ya kawo ta Gusau a kan takarkari. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu da manyan launuka, ga shi shanu za su yi kudu neman ciyawa, ba za ta iya tafiyar ba.

"Yaya, ajiya ce na kawo," in ji Adamu. "Ruwan hwari na sauka zan zo in ɗauki abata."

Manu ya ce to. Amma a ransa ya ƙudura ba za ta koma ba. Ya kusa shekara arba'in bai taɓa kwana gida ɗaya da ita na wata guda ba, kuma ya san in ta koma ruga da wannan idon, kaka mai zuwa wurin wani za a bar ta. Ba zai iya roƙonta ba, ita ma ba za ta saurara ba. Abin da ya rage masa shi ne ya sa zaman ya yi mata daɗi.

Ɗakin da aka ba ta ya yi baƙi da hayaƙi. Manu ya ga ai maganin duhu haske ne. Asabar ta farko ya yi Karakkai, ya komo da buhu a kai. Ya kankare kunkunniya, ya shafe bango sau biyu. Bai tsaya nan ba. Ya shafe bakin ƙofa, ya shafe gadon ƙasa, ya shafe katangar tsakar gida har zuwa makewayi. Gida ya yi fari fat. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa ai wannan sai gidan akawu.

Inna Dije ta shafa bangon da hannu, ta ce, "Madalla." Manu ya tafi aiki yana jin ya gama.

Bayan haka sai ta daina fitowa. Da can takan lallaba ta fito hantsi, yanzu sai an riƙo hannunta. Wata rana goshinta ya kumbura, ta ce ba komai. Ta fara tambayar Yelwa, matar Manu, ko an ga hadari ta gabas, alhali damina da sauranta.

Yelwa 'yar manoman Wonaka ce, bakinta ba ya ajiye magana. Ta tare shi yana alwala.

"Malam, aikinka ya yi kyau, amma ka kashe tsohuwa."

"Subhanallahi. Da mi?"

"Da hwarinka. Da can ƙohwa haske ce, bango duhu, sai ta nuhi haske. Yanzu ƙohwa hwari, bango hwari, gado hwari. Cewa ta yi ita kamar ƙuda ce da ya hwaɗa ƙwaryar nono. Jiya bango ta kai wa karo."

"Mi ya hana ta hwaɗi?"

"Ta hwaɗa ma wa? Kai?"

Manu bai yi musu ba. Ya ɗebo jar ƙasa daga kududdufin unguwa, ya zagaye bakin ƙofa da ita. Tana jiƙe ta fito sosai, da ta bushe sai ta koɗe, Inna ta ce ba ta ga komai ba. Ya gwada gawayi. Wannan ta gan shi, amma ta ɗauka rami ne, ta ƙi takawa kusa, kuma ya ɓata mata mayafi. Ya goge.

Ranar wata Juma'a da la'asar yana zaune bakin rumfa yana gyaran takalminsa na fata, Inna Dije tana kan tabarma ta ba shi baya, Yelwa tana tsinkar zogale a tsakaninsu.

"Yelwa," in ji tsohuwar, da murya sama da yadda ta saba, "sa'ad da nike yarinya mun zauna bayan wani dutsi, tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe. Akwai ƙasa can, ja ce kamar hanta. Da ita muka yi ma ƙoren aure ado. Ko ta shekara ba ta koɗewa."

Yelwa ta juya. "Malam, Inna ta ce akwai ƙasa."

"Na ji. Tambaye ta ta wane gehe."

"Inna, wai ta wane gehe?"

"Ni da ke nika magana. Amma in wani na son sani, ya bi burtali har tsamiya biyu da sunka haɗa kai, ya bar dutsi ga hannun hagu, ya gangara kwazazzabo."

"Malam, ka bi burtali..."

"Yelwa, kunnena lahiya lau."

"To ni dillaliya ce, sai na ci la'adata."

Tsohuwar ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna motsi.

Washegari ya tafi. Ya wuce Kwatarkwashi, ya kwana a wata ruga, da safe ya kama burtali. Bai yi nisa ba burtalin ya ƙare a gonar auduga. Wurin da Inna ta sani daji ne, yanzu duk an share an noma. Ya tambayi manoma tsamiya biyu, wani tsoho ya ce ya san su, an sare su an yi turame tun kafin yaƙin Hitila. Duwatsu kuwa ga su nan birjik, kowanne da kwazazzabo a bayansa. Ya gangara uku, ya tona, ƙasar duk irin ta kududdufi ce. Ya komo Gusau da buhu a naɗe.

Makon da ya biyo ma haka. A lokacin zafi ya tsananta, gawo ya fara zubar da ganye, da yamma ana ganin walƙiya can ƙasan gabas. Abokan aiki suka lura ya rame.

"Bafillace, ƙahwahun sun ƙoshi, mai su ya lalace."

Ya yi murmushi, ya ɗaga buhunsa.

A gida ya ba Yelwa labari, da ƙarfi, yana fuskantar katanga. Inna Dije ta saurara har ya gama.

"Yelwa, mutumin da ka neman icce bayan shekara hamsin, ai sai a yi mishi addu'a."

"Inna, ke kika ce tsamiya."

"Na ce. To yanzu na ce ya bar tona. Gara ta riga shi. Abin da ke ƙasa shi taka hiddowa sama. Ya hau bisa ya dubi suri. Inda ya ga suri ya yi duhu kamar an yanka rago a kai, nan ne."

Asabar ta uku bai bi ta gonaki ba. Ya hau kafaɗar dutsen da ya fi tsawo a wurin, yana dafa sanda, ƙaya tana jan rigarsa. Da safiyar Lahadi, kafin rana ta yi ƙarfi, ya zauna a sama ya bi kwarin da ido. Surin da ke ko'ina ruwan ƙasa ne. Can gefe guda, bayan wani ƙaramin dutse da ya wuce sau biyu bai kula ba, sai ga wasu 'yan tsiraru sun yi jawur mai duhu. Ya sauka. A gaɓar kwazazzabon, ƙasa da tsayin gwiwa, ya sami jijiyar ƙasar, mai maiƙo a hannu. Ya shafa a bayan gorarsa, ya ajiye a rana, ya ci ƙuli-ƙulinsa yana jira. Ta bushe, launin bai motsa ba. Ya cika rabin buhu, don ya san nisan da ke gabansa, ya isa gida bayan magariba da ƙafa a kumbure.

Aikin bai ɗau lokaci ba. Kullum in ya taso daga tasha sai ya yi kaɗan. Ya zagaye bakin ƙofa da jan layi mai faɗin tafin hannu, ciki da waje. Ya bi gefen gado. Sannan ya ja layi ɗaya a jikin katanga, daidai kafaɗarta, daga ƙofar ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa makewayi, wani reshe kuma ya yi zaure. Farin da ya ɓatar da ita shi ya sa jan ya fito.

Ba wanda ya ce mata ta gwada. Yelwa ce ta fito da safe ta tarar da ita bakin randa, moɗa a hannu.

"Inna! Wa ya kawo ki?"

"Ƙahwata. Ruwanku ya yi ɗumi, ba ku ruhe randa."

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen watan. Ba a yi mako ba Adamu ya iso ranar wata Lahadi, ya ɗaure takarkari a ƙofar gida. Manu bai fita yawo ba ran nan. Suka zauna a zaure, suka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi kudu. Suna cikin haka sai ga Inna Dije ta shigo ita kaɗai, ba sanda, ba mai ja. Adamu ya miƙe da sauri zai riƙe ta, ta ture hannunsa.

"Adamu, ka rame. Ba ka ci ne?"

"Ina ci, Inna. Na zo mu tahi. An yi miki bukka sabuwa, nagge ukku sun haihu."

Manu ya sunkuyar da kai yana duban tabarma. Yelwa tana tsaye bayan ƙofa. Tsohuwar ta zauna, ta gyara mayafi, ta tambayi sunayen shanun da suka haihu, ɗaya bayan ɗaya, da ko 'yan maruƙan mata ne. Adamu ya faɗa mata.

"Kwance takarkarinka ka ba shi ruwa," in ji ta. "Bana ba ni zuwa."

"Inna, lahiya?"

"Aikin gidan ga bai ƙare ba. Layin nan ya karkace wajen randa, ko makaho ya gani. In na tahi, wa za ya hwaɗa musu? Mutanen gari ba su da ido."

Adamu ya dubi yayansa, ya dubi uwarsa, ya yi dariya. "To Yaya, ajiya ta ƙi mai ita."

Manu ya tashi ya fita, wai zai ɗebo wa takarkari ruwa, ya daɗe bai komo ba.

Maganarta gaskiya ce. Katangar tana da ciki a wajen randa, layin ya ɗan sunkuya a nan kafin ya miƙe. Gyaransa bai fi aikin hantsi ɗaya ba, kuma akwai sauran jar ƙasa a tukunya. Damina ta wuce, aka yi kaka, Adamu ya yi kudu da shanu, layin yana nan yadda yake. Inna Dije takan ambace shi duk sa'ad da baƙi suka zo.

Wata Asabar yana ɗaura gorarsa, Yelwa ta ce, "Malam, wai yaushe za ka gyara ma Inna layinta?"

Ya ɗauki sandarsa.

"Ba ni gaugawa," in ji shi.