Goyo da Rawani

Zamanin da Bature ke mulki, ina ɗinki a kasuwar Shagari. Ban daɗe da dawowa daga yawon duniya ba: na zauna Kumashi, na kuma tsaya Hartum a hanyar hajji. A Hartum da sunan ɗan fari ake kiran uba. A wurinmu kuwa uba ba ya faɗin sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, ko ciwo yake yi ba ya tambaya. Kunya ce, da ita aka raine ni.

'Yata ta fari tana hannun mahaifiyata tun da aka yaye ta. Da damina zazzaɓi ya kama ta, sai tari. Daga zaure nake jiyo numfashinta, gajere-gajere, da nishi a ƙarshensa. Na san wannan numfashi. A Kumashi ɗan fatomana, mai masaukina, ya yi irinsa, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka kama huhu, in an bar su sai su shiga jini. Allurar fanisilin ce ta tashe shi.

Mahaifiyata ta kira wanzami. Ya yi wa yarinyar tsaga a haƙarƙari, ya kafa ƙaho. Kukanta bai ma fita sosai ba. Matata, ita ma kunyar ta ɗaure ta, tana daka a tsakar gida, taɓarya na kuskuren turmi.

Da hantsi na kasa zura zare a allura. Na rufe keken ɗinki, na koma gida, na shiga ɗakin tsohuwa. Leɓɓan yarinyar sun yi toka-toka, ko ruwa ba ta karɓa.

"Inna, Bodinga za ni kai ta, a yi mata allura."

"Kai? Ɗiyarka ta hwari? Hajjin ga naka ya cinye maka kunya! Mai zazzaɓi ba a soka mashi ƙarhe."

"Ki gafarce ni, Inna."

Na warware rawanina, na goya yarinyar da shi, na ari keken maƙwabci. A bakin kasuwa wani mahauci ya yi ihu: "Alhaji, yaushe ka haihu? Ba a gaya muna suna ba!" Aka yi dariya. Bayan Lambara ruwa ya ci hanya, na sauka ina tura keke cikin laka. Zafin jikinta na ƙona mini baya. Duk sanda nishin ya ɗauke, sai in tsaya cik, har ya dawo.

Malamin asibitin Bodinga ya sa kunne a ƙirjinta, ya dubi tsagar, ya yi tsaki.

"Sunanta?"

Ga mutane cike da baranda. Na faɗi sunan a gabansu.

"Alhaji, kun makara, amma mu gwada. Ba allura guda ba ce. Ko ta tashi tana wasa, kada ka tafi da ita sai na sallame ku."

Muka zauna a zauren wani tela. Allurar farko ba ta canza kome ba, ta biyu ma haka. Na roƙi Allah da Larabci, da Fulatanci, da duk harshen da ya zo bakina.

Wata safiya na taɓa goshinta na ji gumi mai sanyi. Ta buɗe ido, ta dube ni kamar baƙo, ta ce tana son fura, kuma a kai ta wurin Inna. Na saya mata furar. Gida kuwa sai da aka gama allura.