Ranar Da Na Zama Direban Motata

Akwai wata Laraba a tsakiyar shekarun 1980 da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce ranar da na zauna cikin motar da na saya da gumina, na ce wa wata baiwar Allah ni direba ne kawai.

Lokacin ina aikin ofis a wata masaƙa a Kakuri, muna zaune da iyalina a Unguwar Boro. Ƙuruciya da son a sani suka sa na sayi wata tsohuwar mota ƙirar Jamus, doguwa, baƙa wuluk, irin wadda manyan gwamnati ke shiga. Ranar da na kawo ta, matata ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Baban yara, wannan ai majinyaciya ka kawo mana." Ba ta yi ƙarya ba. Yau lagireto na yoyo, gobe kafireta ta toshe, ga kayan gyara sun yi wuya a ƙasar. Sai bakanikena na Tudun Wada ya kwana uku yana yawo a kasuwar Panteka kafin ya samo abu ɗaya. Amma ranar da take cikin lafiyarta, idan ka hau titi sai ka rantse a falo kake zaune.

Wanda ya sayar mini da ita wani dattijo ne ɗan Filato da ke Barnawa, tsohon babban ma'aikaci da aka yi wa ritaya ba shiri. Baba muke ce masa. Matsalata da shi ɗaya ce: ya sayar da mota, amma zuciyarsa ba ta sake ta ba. Kusan duk Asabar sai ya sauko daga bas a ƙofar gidana, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Ɗana, ka riƙa bari ta yi ɗumi kafin ka ja ta." Abin ya ishe ni. Akwai ranar da na ɓuya a ɗaki na sa aka ce ba na nan. Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Wata Litinin na tashi aiki na tarar da shi a bakin get ɗin masaƙa, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Alfarma na zo nema," in ji shi. "Mamanku wata huɗu ke nan tana asibiti, ɓarin jikinta ya shanye. Jibi za a sallame ta. Ba ta san na sayar da motar ba."

Sai a lokacin na gane inda motar ta tafi: jinyar matarsa. Ya ce likita ya hana a gaya mata duk abin da zai tayar mata da hankali, ita kuma kullum sai ta tambaya ko ana kula da motar. So yake mu ɗauko ta a ciki, in tuƙa, ya ce mata sabon direba ya ɗauka. Girman kai ya ɗan motsa mini, ba zan ɓoye ba. Amma na dubi dattijon tsaye da hula a hannu, na ce, "To, Baba."

Washegari na kai ta gareji aka canza fulogi da baƙin mai, na goge ta har tana ɗaukar ido. Ranar Laraba da azahar muka tsallaka kogi muka ɗauko Mama. Da aka zaunar da ita a baya, sai ta sa hannunta mai lafiya tana shafa fatar kujera. Ta dube ni ta ce, "Wannan fa?" Baba ya ce sabon direba ne. Ta ce, "Sannu, ɗana." Na ce, "Yauwa Mama, ya jiki?"

A kan gada muka faɗa cikin cunkoso, ga rana kamar ta fasa kai. Muna sauka daga gadar, motar ta yi tari biyu ta mutu. Na murɗa makulli, shiru. Na buɗe bonet na taɓa kan batir, na taɓa wayoyi, ban ma san abin da nake nema ba. Masu bas sai hon suke, Mama na cikin zafi, gumi ya jiƙe mini riga. Baba ya koma bayan mota yana ɗaga wa mutane hannu su kauce.

Sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Mama ce. Maganarta a hankali take fita, sai da na sunkuya.

"Famfon mai ne ya yi zafi. Halinta ne tun da. Ga ruwa a gora, jiƙa tsumma ka ɗora masa."

Ba ni da tsumma. Ta zare ɗankwalinta ta miƙo mini. Na yi yadda ta ce, na dawo kusa da ita muna jira ya huce.

"Yaushe ka saye ta?" ta tambaye ni.

Na ce, "Mama, ni direba ne."

Ta yi murmushi da rabin bakinta. "Direba ba ya lallashin mota. Na ji ka ɗazu kana ce mata ta yi haƙuri. Kuma tun da damina na sani, da ya fara zuwa asibiti da taɓo a takalmi kamar wanda ya tako da ƙafa." Ta ɗan huta, ta waiwaya ta dubi mijinta a can tsakiyar rana. "Kada ka gaya masa na sani. An karɓe masa aiki, mota ta tafi. Wannan rufin asirin dai a bar masa."

Na ɗauke ɗankwalin, na rufe bonet. Na shiga na murɗa makulli, motar ta tashi kamar ba ita ba.

Da muka isa Barnawa aka shigar da Mama ciki, Baba ya rako ni ya kama hannuna da hannu biyu. "Ba ta gane ba, ko?" Na ce, "Ba ta gane ba, Baba."

Daga nan duk Lahadin da na samu dama sai in je in kai su coci, su biyu a baya, ni a gaba. Haka muka yi kusan shekara guda, har Allah ya ɗauki Mama. Baba ya bi ta bayan shekara uku, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Abin da na koya shi ne in daina saurin yanke wa mutum hukunci. Wanda kake gani yana damunka, wataƙila wani nauyi ne a kansa da ya rasa inda zai sauke. Kuma wani lokaci babban taimakon da za ka yi wa mutum shi ne ka san gaskiyarsa, ka rufa masa asiri, ka bar shi da mutuncinsa.